Darasin Kimiyya: Zare Mai Narkewa da Zaren Cirewa a Ɗinkin Hannu

Gabatarwa

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan zaren da likita ke ɗinke fata da shi ne bayan an yi wa mutum aiki a hannu. Zaren iri biyu ne: akwai wanda ake bar wa jiki ya narkar da shi, akwai kuma wanda sai an koma asibiti an cire. Kafin mu tashi ina so kowannenku ya iya bayyana yadda rauni ke haɗewa, da abin da ke faruwa da kowane zare a cikin nama, da dalilin da zai sa likita ya ɗauki wannan ya bar wancan.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Filin masana'antu na Bassa da ke nan Duwala, wanda hukumar MAGZI da aka kafa a 1971 ke kula da shi tare da na Bonaberi, cike yake da aikin da hannu ke yi kusa da abu mai kaifi ko mai nauyi. A can ake narka ƙarfe a miƙar da rodi, a buga atamfa, a sarrafa koko, a cika kwalabe, a can ne kuma babban garejin gyaran jiragen ƙasa yake. Idan kuka dawo New Bell, unguwar da Jamusawa suka yanka wajen 1914 sa'ad da suka tashi mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, wadda daga baya ta zama masaukin baƙi har Hausawa suka samu tasu unguwa a ciki, za ku tarar da mahauta da masu tsire da teloli da 'yan bensikin. Kowane cikinsu da yatsunsa yake ci. Wanda ya ji ciwo a cikinsu, ko a asibitin gunduma na New Bell aka kai shi, ko a Laquintinie da ke aiki tun 1931, ko a Babban Asibitin Duwala, tambayar da yake yi bayan an gama ɗinki ɗaya ce: "Likita, wannan zaren mai narkewa ne ko sai na dawo?"

1. Me ya bambanta hannu da sauran jiki

Daga wuyan hannu zuwa kan yatsu akwai ƙasusuwa 27. A samansu, ƙarƙashin fatar da ba ta da kitse sosai, jijiyoyi iri uku ne ke gudana, kuma dole ku rarrabe su domin a gida duk jijiya muke ce musu. Akwai jijiyar jini. Akwai jijiyar saƙo, wadda ke kai ji zuwa ƙwaƙwalwa ta kuma kawo umarnin motsi. Akwai agara, farar igiyar nan mai tauri da ke haɗa tsoka da ƙashi, ita ce ke jan yatsa ya lanƙwashe ko ya miƙe.

Fatar hannu ma ba iri ɗaya ba ce. Kowa ya tsunkuli bayan hannunsa. Kun ga ta taso cikin sauƙi, siririya ce, tana zamewa a kan gaɓoɓi. Yanzu ku gwada tsunkular tsakiyar tafi. Ta ƙi tasowa, domin mai kauri ce, an kuma ɗaure ta da naman da ke ƙasanta. Tafi ba shi da gashi, amma yana da ƙofofin gumi masu yawa, saboda haka ɗinkin da aka yi a wurin kusan kullum cikin laima yake zama.

Abu na uku shi ne motsi. Ciki ko cinya za a iya barin su su huta, amma hannun da aka bari ba motsi na makonni yakan sage, yatsu su ƙi lanƙwasuwa. Likitan hannu yana son rauni ya zauna a rufe, yana kuma son yatsu su fara motsi da wuri. Tsakanin waɗannan buƙatu biyu zaren yake aikinsa.

2. Yadda rauni ke haɗewa

Ku rubuta wannan da kyau: zare ba ya warkar da rauni. Magini idan ya zuba rufin kankare yakan tokare shi da sanduna har siminti ya kama, sa'annan ya janye su. Sandunan ba su ne rufin ba. Haka zare yake, yana riƙe bakin rauni a haɗe ne kawai har jiki ya gina nasa.

Ginin kuwa mataki-mataki yake tafiya. A mintocin farko jini ya daskare ya toshe ƙofa. Daga nan har kwana 3 ko 4 wurin zai kumbura, ya yi ɗumi, ya yi zafi, domin fararen ƙwayoyin jini sun taru suna share datti da ƙwayoyin cuta. Wannan kumburin na farko ba alamar lalacewa ba ce. A cikin awa 24 zuwa 48 fatar sama ta riga ta yi siririn rufi a kan layin da aka ɗinke, idan bakin raunin ya zauna daidai. Daga wajen kwana na 4 zuwa mako 3 jiki yana saƙa wani sinadari mai suna kolajin, shi ne ke haɗa gefe da gefe. Bayan haka sai gyaran saƙa, wanda kan ɗauki shekara guda ko fiye.

Ga alƙaluman da za su ba ku mamaki. Bayan mako 1, ƙarfin wurin da aka ɗinke bai wuce kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfin lafiyayyar fata ba. Bayan mako 3 yana wajen kashi 20. Sai an kai wata 3 yake kusantar kashi 80, kuma a nan yake tsayawa har abada. Wato ranar da aka cire zare, ko ranar da mai narkewa ya saki, raunin a rufe yake amma bai yi ƙwari ba. Leburan da ya koma ɗaukar rodi washegarin cire zare, shi ya jawo wa kansa buɗewar ciwo, ba zaren ba.

3. Zare mai narkewa

Wannan ya girmi kakannin kakanninmu. Likitan Andalus Abul Ƙasim al-Zahrawi, wanda ya rayu a yankin Ƙurɗuba ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin ɗinki da zaren hanjin dabba a littafinsa al-Tasrif, kuma Jalinus ya ambace shi tun ƙarni na 2. Har yau ana yin irin wannan zare daga hanjin tumaki ko na shanu. Tunda nama ne, jiki yana ɗaukarsa baƙon nama, ya aiko da fararen ƙwayoyin jini da sinadaran narkarwa su cinye shi. Saboda haka yakan tayar da kumburi fiye da sauran, kuma ba a iya cewa ga ranar da zai saki: a raunin da ya kamu da cuta yakan tsinke da wuri. Wanda ba a yi wa komai ba yana riƙo kwana 7 zuwa 10, ya ɓace a wajen kwana 70. A 1881 Joseph Lister ya fito da dabarar jiƙa shi da gishirin kuromiyam domin ya ƙara daɗewa, irin wannan kan ɓace a wajen kwana 90. Ƙasashen Tarayyar Turai da Japan sun daina amfani da zaren hanji saboda tsoron cutar haukar shanu, amma a asibitocin Afirka da yawa yana nan, domin yana da araha.

Na zamani a masana'anta ake haɗa su. Dexon ya fito a 1970, Vicryl a 1974, PDS a farkon shekarun 1980, Monocryl a 1993. Waɗannan dogayen sarƙoƙin sinadarai ne, kuma ba cinye su ake yi ba, ruwan jiki ne ke shiga tsakanin mahaɗan sarƙar yana tsinka su ɗaya bayan ɗaya. Vicryl, alal misali, yana komawa asid iri biyu, gilaikolik da laktik, na biyun kuwa tsokarku ma tana yin sa duk lokacin da kuka yi gudu. Jiki ya sarrafa su, su fita ta fitsari da numfashi. Da yake ruwa ne ke aikin, ana iya ƙiyasta lokacinsa, kumburin ma bai kai na zaren hanji ba.

A nan ɗalibai suka fi rikicewa a jarrabawa, don haka ku saurara. Ranar da zare ya daina riƙo daban, ranar da ya ɓace daga jiki daban. Vicryl na yau da kullum yana da kusan kashi 75 na ƙarfinsa bayan mako 2, rabi bayan mako 3, amma ba ya ɓacewa sai kwana 56 zuwa 70. Monocryl yana zubar da kusan rabin ƙarfinsa a mako 1, amma burbushinsa na nan har wata 3 zuwa 4. PDS yana riƙo makonni da dama, ya kai wata 6 ko fiye kafin ya ɓace. Wanda aka fi sa wa fatar hannu shi ne Vicryl Rapide, wanda aka riga aka raunana sarƙarsa tun a masana'anta: rabin ƙarfinsa ya tafi a kwana 5, duka ya tafi a kwana 10 zuwa 14, ya ɓace a wajen kwana 42.

Ku lura kuma, ɓangaren da ke cikin nama shi ne ke narkewa. Ƙullin da ke waje a kan fata ba ya cikin ruwan jiki, yana nan zaune har na ƙasa ya ruɓe, sa'annan ya faɗi da kansa ko a goge shi da ƙyalle mai tsabta. A tafin hannu wani lokaci ƙullin kan yi taurin kai ya wuce mako 2, har sai ma'aikacin jinya ya datse shi. Wanda aka binne gaba ɗaya a ƙarƙashin fata kuma, jiki kan turo ƙullinsa waje bayan makonni, ya fito kamar ɗan ƙurji. Ba abin tashin hankali ba ne, amma a nuna wa likita.

Wani abu da ya shafe mu a Duwala: tunda ruwa ne ke kashe wannan zare, laimar iska ma tana cinsa. Shi ya sa ake rufe shi cikin takardar gorar ruwa da iska ba ta shiga. Fakitin da aka buɗe ko ya huje, a garin da ruwan sama ke wuce milimita 3,500 a shekara, ya tashi daga aiki, ba a ajiye ragowarsa don wani majinyaci.

4. Zaren cirewa

Wannan bayaninsa gajere ne. Mafi yawansa nailan ne, wanda Wallace Carothers ya haɗa a kamfanin DuPont na Amurka a 1935, sai kuma Prolene, shuɗin nan mai santsi da ya fito a 1969. Siliki tsohon yayi ne, yana da daɗin ƙulli amma yana tayar da kumburi, likitocin hannu sun rage amfani da shi a fata. Nailan da Prolene kuwa jiki bai cika damuwa da su ba, suna zaune da ƙarfinsu har ranar cirewa.

Ranar cirewa ta danganta da wuri. Fuska tana da jini sosai, kwana 5 ya isa. Hannu sai kwana 10 zuwa 14, kuma idan ɗinkin ya ratsa kan gaɓa ko tafin mai aikin ƙarfi, ana kai shi ƙarshen wannan wa'adi. A cire da wuri, rauni ya buɗe. A bar shi ya daɗe, fata ta bi ramin zaren ta gangara ciki, ya bar ɗige-ɗigen tabo gefe da gefe, datti kuma ya samu wurin zama.

Cirewar tana da ƙa'ida. Ana ɗaga ƙullin da hantsaki, a yanke zaren a gefe ɗaya dab da fata, a ƙarƙashin ƙullin, sa'annan a ja. Dalili shi ne kada ɓangaren da ya kwana 12 a waje cikin ƙura da gumi ya bi ta cikin nama. Wanda ya zauna a gida ya sa reza ya yanke tsakiya ya ja, ya shigar da dattin da kansa.

Game da kauri: lambar da ke jikin fakiti, yawan sifilinta shi ne sirantar zaren. Fatar hannu 4-0 ko 5-0 ake sa mata, na farkon bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Jijiyar saƙo da ƙananan jijiyoyin jini kuwa da 8-0 zuwa 10-0 ake ɗinke su, ƙarƙashin madubin ƙara girma, kuma 10-0 ya fi gashin kai siranta.

5. Sili ɗaya ko tufkakke

Ga rabe-rabe na biyu, wanda a ganina ya fi na farko muhimmanci ga ma'aikacin Bassa, ko da yake majinyata ba sa tambaya a kansa. Wani zaren sili ɗaya ne santalele, kamar nailan da Prolene da Monocryl da PDS. Wani kuma ƙananan silla ne da yawa aka tufke, kamar siliki da Vicryl da Vicryl Rapide. Tufkakke yana da laushi, ƙullinsa ba ya kwancewa, ba ya sokin fata. Amma tsakanin sillansa akwai 'yan ramuka inda ƙwayoyin cuta ke ɓuya, fararen ƙwayoyin jini kuma ba sa iya bin su ciki da kyau.

A 1957 wasu masu bincike biyu a Landan, Elek da Conen, sun gwada wannan a fatar mutane. Sun ga sai an zuba ƙwayoyin cutar da ke kawo maruru har miliyoyi kafin lafiyayyar fata ta yi mugunya, amma idan akwai zaren siliki a wurin, guda 100 kacal sun isa. Ma'anarsa, kowane zare baƙo ne a jiki, kuma baƙon da ya zo da ɗakunan ɓuya ya fi haɗari. Saboda wannan ne aka fito da zaren da aka shafa wa maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna tiraikulosan, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a 2016, ko da yake shawara ce mai sharaɗi.

Gani ya kori ji. Kowane rukuni ya ɗauki kofi, ya zuba jan ruwan zoɓo rabi. Ku yanko farin zaren auduga mai kauri taƙi ɗaya, da zaren fatsa na nailan, irin na masuntan Yupwe, shi ma taƙi ɗaya. Ku ɗaura su a jikin fensir, ku gitta fensirin a bakin kofin yadda ƙarshen kowane zare zai taɓa ruwan. Bayan minti 10 ku auna da rula inda ja ya kai a kowanne. Ku rubuta abin da kuka gani, sa'annan ku amsa: idan ruwan nan gumi ne da ruwan kwata, kuma ƙarshen zaren yana cikin naman mutum, wanne ya fi kai masa cuta?

6. Abin da bincike ya nuna

Aikin hannu da aka fi gwada zaren biyu a kansa shi ne na matsewar jijiya a wuyan hannu. A wurin akwai ɗan rami da agara 9 da jijiyar saƙo 1 ke bi. Idan ramin ya matse, babban yatsa da manuniya da na tsakiya sukan riƙa mutuwa, musamman da dare, sai likita ya tsaga gindin tafi ya yanke maɗaurin da ya danne jijiyar.

A 2018 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara gwaje-gwajen likitanci ta auna ingancinsu, ta fitar da nazarin Ryckie Wade da Justin Wormald da Andrea Figus a kan wannan tambaya. Sun samu gwaji 5 da suka ƙunshi mutum 255, dukkansu a Turai: Birtaniya, Ailan, Denmak da Holan. Sun duba zafi, da kumburin rauni, da aikin hannu, da gamsuwa da tabo. Hukuncinsu shi ne hujjar tana da rauni ƙwarai, ba ta isa a ce wannan zare ya fi wancan ba.

Kada ku ce binciken ya tashi a banza. Ya nuna cewa duk mai bugun ƙirji ya ce muku zare kaza shi ne mafi kyau ga kowane hannu, ya faɗi abin da ya wuce hujja. Ku kuma lura da waɗanda aka gwada: aiki ne mai tsabta, an shirya shi, a ɗakin tiyata, a ƙasashe masu sanyi. Hannun da inji ya tauna, ya cakuɗa da baƙin mai da tsatsa a watan Agusta a Bassa, ba ya cikin lissafin.

Wani gwaji da James Quinn da abokan aikinsa na San Faransisko suka buga a mujallar BMJ a 2002 ya ƙara wani abu. Ƙananan yanka a hannu da ba su kai santimita 2 ba, waɗanda ba su taɓa agara ko jijiya ko gaɓa ba, an ɗinke wasu, wasu kuma an wanke an rufe kawai. Bayan wata 3 tabon bai bambanta ba. Ba kowane yanka ne ke son allura ba ke nan.

7. To, wa ya dace da wanne

A cikin hannu babu gardama sosai, naman ne ke zaɓa. Agarar da ta tsinke tana ɗaukar kusan mako 12 kafin ta jure aikin ƙarfi, don haka galibi da zare mai ɗorewa ake ɗinke ta, a bar shi a ciki har abada. Jijiyar saƙo da siririn nailan ake haɗa ta, shi ma ba a cire shi, ita kuwa tana tsirowa kusan milimita 1 a rana. Kun ga ashe ba duk zaren da ba ya narkewa ne ake cirewa ba. Gardamar a fata take.

Ɗauki yarinya 'yar shekara 4 da aka gyara wa yatsa. Cire mata zare yana nufin kuka da danniya, wani lokaci har sai an sake sa ta barci. Mai narkewa ya fi mata, babu ja. Ɗauki falken shanu da aka cire wa ƙululu a wuyan hannu, wanda jirgin ƙasan Ngaundere ke jiransa cikin mako. Idan aka sa masa nailan, wa ya san hannun da zai cire shi da kuma abin da za a cire da shi? Shi ma mai narkewa ya fi masa. Haka wanda zuwa asibiti ke cinye masa kuɗin bensikin da na kati da yinin aiki guda.

Amma ɗauki ma'aikacin da gefen kwano ya tsarge wa tafi, ko mahaucin da wuƙar fawa ta zame masa. Raunin nan mai datti ne. Abin da ya fi zare muhimmanci shi ne wanki da ruwa mai yawa, da yanke mataccen nama, da duba ko agara da jijiya suna nan lafiya, da allurar rigakafin sarƙe-haƙora idan ta ƙarshe ta wuce shekara 5. Idan za a ɗinke, ra'ayina yana tare da likitocin da ke sa nailan mai sili ɗaya, ƙulli-ƙulli daban, ba a matse ba. Idan mugunya ta taru, a cire ƙulli 1 ko 2 ta fita, sauran su ci gaba da riƙo. Akwai kuma wata fa'ida da ba a rubuta ta a jikin fakiti: zaren cirewa yana tilasta wa mutum ya dawo, ido mai ilimi ya sake ganin hannun. Wanda aka ce wa nasa mai narkewa ne yakan ɗauka an sallame shi, alhali tsugune ba ta ƙare ba.

Wasu raunukan ma ba a rufe su nan take. Cizon kare, da raunin da haƙorin mutum ya yi a kan gaɓa wajen naushi, da wanda ya kwana da datti, akan wanke a bar su buɗe, a ɗinke bayan kwana 3 zuwa 5 idan sun yi kyau. Bari in ratse kaɗan saboda masu aikin fenti da giris: idan bindigar feshi mai ƙarfi ta huda yatsa, ramin ɗan mitsitsi ne, amma abin da ya shiga ya bazu ciki. Wannan aikin tiyata ne na gaggawa, ba na filasta ba.

Game da tabo, mu baƙaƙen fata mun fi saurin yin tabo mai tudu da ke wuce iyakar rauni. Abin sha'awa, tafin hannu da tafin ƙafa ba su cika yin sa ba. Wanda ya san jikinsa na yin irin wannan tabo ya faɗa wa likita kafin a taɓa bayan hannunsa.

8. Kula da ɗinki

Kowane zare aka sa, kulawar ɗaya ce. A kwanakin farko hannu ya zauna sama da ƙirji, ba a reto ba, domin kumburi ya sauka. Yatsun da likita bai hana ba a riƙa motsa su. Bandeji ya zauna a bushe awa 48. Bayan haka, idan likita ya yarda, ruwa mai tsabta zai iya bi ta kai a tsane shi, amma ban da jiƙawa a bokiti, ban da wanki da wanke-wanke, ban da ruwan ambaliyar da ke cika lungunan New Bell da damina. Mai narkewa ya fi tsoron jiƙo, domin laima na sa shi saki kafin lokaci. Kada a zuba toka, ko man birki, ko garin kafso a kan ɗinki. Taba sigari tana rage jinin da ke isa yatsu, ciwon suga da ba a kula da shi ba yana jinkirta warkewa.

Na san tambayar da ke bakin Malam na bayan aji: alwala fa? Fiƙihun Malikiyya ya yi sauƙi a nan. Idan wanke wurin zai cutar, ana shafa a kan ɗaurin, idan shafar ma ba ta yiwuwa akwai hukuncin taimama. A tambayi malamin unguwa yadda ake yi, kada a kwance bandeji sau biyar a rana.

Alamomin da ke mayar da mutum asibiti a ranar, ba gobe ba: zafin da ke ƙaruwa bayan kwana na 3 maimakon raguwa, zugi mai hana barci, mugunya ko wari, zazzaɓi, kaluluwa a hammata. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka a dubi ɗumi da kumburi da sheƙin fata. Likitan Shikago Allen Kanavel ya bayyana alamomi 4 na cutar da ta shiga kuben agara: yatsa ya kumbura gaba ɗaya, ya zauna a ɗan lanƙwashe, ya yi zafi idan an danna cikinsa, ya yi zafi mai tsanani idan an miƙar da shi. Wanda ya ga haka ya yi jinkiri, yana iya rasa amfanin yatsan.

Ga masu aikin kamfani kuma, dokar Kamaru ta 1977 kan haɗarin wurin aiki ta ɗora wa mai kamfani sanar da asusun inshorar ma'aikata na CNPS cikin ranakun aiki 3, kuma kuɗin jinya na cikin abin da asusun ke ɗauka ga ma'aikacin da aka yi wa rajista. Rashin kuɗin komawa cire zare bai kamata ya zama dalilinsa ba.

Aikin gida

1. Bambanta ranar da zare ke daina riƙo da ranar da yake ɓacewa, ka kawo misali da Vicryl Rapide.
2. Me ya sa ake yanke zaren cirewa dab da fata a ƙarƙashin ƙulli?
3. Tela mai ciwon suga, almakashi ya yanke shi a bayan hannu, an kawo shi bayan awa 2. Wane zare za ki zaɓa, kuma me za ki fara yi kafin ɗinki? Ki kare amsarki da hujja biyu daga darasin.
4. Ku zana sakamakon gwajin zoɓo, ku kawo ranar Litinin.

Idan kuma akwai wanda aka yi wa ɗinki a gidanku, ku tambaye shi yau sunan zaren da ranar komawarsa asibiti. In bai sani ba, ku raka shi ya tambayo.